Wutar pano da wutar NIGELEC: bambancin kuran kontini da kuran altarnatif

A gidaje da shaguna da yawa na birnin Tahoua, wutar lantarki iri biyu ce ke aiki a yau. Akwai wadda ke shigowa ta kontar daga layin NIGELEC, akwai kuma wadda pano ke samarwa bisa rufin ɗaki, a tara ta cikin batir. A ƙauyukan arewacin Adar da layi bai kai ba, ta biyun ce kaɗai ake da ita, sai ko gurup ga mai hali. Tun da Najeriya ta yanke wutar da take sayar wa Nijar a watan Agustan 2023, bayan takunkumin CEDEAO, mutane da dama suka koma ga pano da batir, kuma ba su rabu da su ba bayan wutar ta dawo a watan Maris na 2024.

Dukansu wuta ko kuran muke ce musu, dukansu suna kunna ampul, amma tafiyarsu cikin waya ta bambanta. Masu gyaran wuta suna kiran ta pano da batir kontini, ta layi da gurup kuma altarnatif. Wanda bai san bambancin ba yana iya ƙona tele, ya kashe batir cikin ƴan watanni, ko ya jefa ran wani cikin haɗari.

Yadda kowace ke tafiya

Wutar lantarki motsi ne na wasu ƙwayoyi ƙanana ƙwarai da ake kira elektaron, a cikin waya ta jan ƙarfe ko ta alminiyom. A kontini, ƙwayoyin suna bin hanya ɗaya ba su juyowa, kamar ruwan da ke gangarowa daga shato zuwa fanfo. Shi ya sa batir ke da kai biyu, ɗaya mai alamar tarawa (+), ɗaya mai alamar ɗebewa (−). Yawanci jar waya ce ke zuwa ga na farko, baƙa ga na biyu, kuma ba a musanya su.

A altarnatif, ƙwayoyin suna zuwa gaba su komo baya, kamar hannun mai niƙa a kan dutse. Dutsen bai bar gurbinsa ba, amma hatsi yana zama gari. Wutar NIGELEC tana yin wannan kai da komo sau 50 cikin daƙiƙa ɗaya, abin da ake rubutawa 50 Hz. Ke nan tana sauya alkibla sau 100 a daƙiƙa, kuma a duk sauyin sai ƙarfinta ya sauka zuwa sifiri na ɗan ƙiftawa kafin ya sake hawa. Ido ba ya iya ganin hakan a jikin ampul. Saboda alkiblar ba ta zama ɗaya, ko ta wane gefe aka soka filogin fanka a piriz za ta juya.

Ma'auni uku ne ake buƙata don a fahimci sauran bayanin. Bolt (V) shi ne ƙarfin turawa, kamar tsayin shato. Amper (A) shi ne yawan wutar da ke wucewa, kamar yawan ruwan da ke cikin bututu. Wat (W) shi ne aikin da ake samu, kuma ana samun sa idan aka ninka bolt da amper. Batir ɗin gida yawanci bolt 12 ne ko 24. Piriz ɗin gida a Nijar bolt 220 ne. Wannan 220 matsakaicin lissafi ne, domin a kowane zagaye wutar tana hawa har wajen bolt 311 kafin ta sauko.

Inda kowace ke fitowa

Kontini tana fitowa daga pano, da batir ɗin mota da na babur, da batir ɗin salula, da ƙananan batura na tocila da rediyo. Batir kontini kaɗai yake karɓa, kontini kaɗai yake bayarwa. Babu batir ɗin da ke ajiye altarnatif.

Altarnatif tana fitowa daga duk injin da ke juya maganaɗisu kusa da naɗaɗɗiyar waya. Haka abin yake a madatsar ruwa ta Kainji a Najeriya, da tashar kwal ta SONICHAR a jahar Agadez, da manyan injunan gazuwal na NIGELEC, da ƙaramin gurup ɗin mai shagon kankara. Tashar kwal da ake shirin ginawa a Salkadamna, arewa maso yammacin Tahoua, ita ma altarnatif za ta bayar. Saurin juyawar injin ne ke tsayar da adadin kai da komon. Ƙaramin gurup sai ya juya sau 3,000 a minti ɗaya kafin ya ba da 50 Hz, manya da yawa kuma sau 1,500. Idan aka ɗora wa gurup kayan da suka fi ƙarfinsa, juyinsa ya ragu, wutar ma sai ta lalace. Abin da ke sa ampul ya dushe, firigo ya yi ta gurnani ke nan.

Ko a mota da babur, injin cajin altarnatif yake samarwa. Wasu ƙananan na'urori da ake kira diyod ne ke miƙar da ita ta zama kontini kafin ta shiga batir.

Me ya sa layin gari ke ɗauke da altarnatif

Duk wayar da wuta ke bi tana ɗumi, kuma wannan ɗumin asara ne. Yawan amper ne ke kawo shi. Idan amper ya ninka sau biyu, asarar tana ninka sau huɗu. Idan ya ninka sau goma, asarar tana ninka sau ɗari. Dabarar kai wuta nesa ita ce a ɗaga bolt sosai don amper ya ragu, aikin kuma bai canza ba.

Na'urar da ke ɗaga bolt ko sauke shi ita ce taransifo, wanda ake gani rataye a kan turakun unguwanni. Naɗin waya biyu ne a jikin ƙarfe ɗaya, babu abin da ke juyawa a cikinsa. Yana aiki ne kawai idan wutar da ke shiga tana hawa da sauka, domin sauyin ne ke haifar da wuta a naɗi na biyu. Idan aka ba shi kontini, ba abin da zai fito ta ɗaya gefen, sai dai naɗin ya yi zafi ya ƙone. Wannan shi ne babban dalilin da ya sa layukan duniya suka zaɓi altarnatif.

Kamfanin NIGELEC, wanda aka kafa a 1968, ya haɗa jahohin Tahoua da Maraɗi da Damagaram a yanki ɗaya na layi. Wutar da ake sayowa daga Najeriya don wannan yankin tana shigowa ta layin Katsina zuwa Gazawa mai bolt 132,000, ta bi ta Maraɗi zuwa Malbaza, sannan ta hauro arewa. A hanya taransifo bayan taransifo ke sauke ta, har ta kai bolt 220 na gida da bolt 380 na injunan niƙa da na walda, wanda ake kira tirifaze saboda wayoyi uku ne ke ɗauke da wutar. Tsakanin 220 da 132,000 akwai ninki 600. Da a ce da bolt 220 za a turo wutar tun daga Katsina a kan waya iri ɗaya, da asarar ta ninka sau 360,000, ba abin da zai iso.

A Malbaza kuma ana iya ganin wutar iri biyu a fili ɗaya. Tashar hasken rana mai megawat 7 da aka buɗe can a watan Nuwamban 2018 ita ce ta farko mai girma da aka haɗa da layin ƙasa a Nijar. Dubban panonta kontini suke bayarwa. Sai manyan na'urori sun juya ta zuwa altarnatif mai 50 Hz, taransifo ya ɗaga ta, kafin ta hau layi. Haka ake yi a tashar Gorou Banda mai megawat 30 kusa da Yamai, wadda ta fara aiki a 2023.

Tarihi a taƙaice

Kontini ce ta riga zuwa. A shekarar 1800 Alessandro Volta ɗan Italiya ya haɗa batir na farko, kuma daga sunansa aka samo kalmar bolt. A 1831 Michael Faraday na Ingila ya gano cewa motsa maganaɗisu kusa da waya yana haifar da wuta, wanda shi ne tushen gurup da taransifo. A 1882 Thomas Edison ya buɗe tasharsa a titin Pearl na birnin New York, tana raba kontini mai bolt 110, amma wutar ba ta iya wuce kilomita ɗaya ko biyu daga tashar.

A wannan lokacin ne Bafaranshe Lucien Gaulard da abokin aikinsa John Dixon Gibbs suka nuna taransifonsu, suka gwada shi a birnin Turin na Italiya a 1884. A Amurka, George Westinghouse ya sayi haƙƙin wannan fasahar, ya kuma sayi na injunan altarnatif na Nikola Tesla a 1888. Edison ya yi ta yaƙar su yana cewa altarnatif kisa take yi. A 1891 injiniyoyi a Jamus suka kai altarnatif daga Lauffen zuwa Frankfurt, tafiyar kilomita 175. A 1896 wutar ruwan Niagara ta isa birnin Buffalo. Daga nan gardama ta ƙare.

Sai dai kontini ta dawo ta wata ƙofa. Na'urorin zamani suna iya ɗaga ta zuwa dubban ɗaruruwan bolt, kuma a tafiya mai tsawon gaske ta fi altarnatif ƙarancin asara. A Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango, layin Inga zuwa Kolwezi mai kilomita 1,700, wanda ya fara aiki a 1982, kontini yake ɗauka. Haka layin Cahora Bassa na Mozambik zuwa Afirka ta Kudu, da wanda ya haɗa Habasha da Kenya tun 2022.

Na'urorin da ke tsakani

Mafi yawan kayan zamani kontini suke ci a cikinsu, ko da a piriz aka soka su. Salula, kwamfuta, tele mai shafaffen gilashi, dekoda da ampul ɗin LED duk haka suke. Sharjar salula tana karɓar altarnatif mai bolt 220, ta fitar da kontini mai wajen bolt 5. Ɗumin da ake ji a jikinta alama ce ta abin da ya salwanta wajen juyin.

Wadda ke yin akasin haka ita ce na'urar da ake kira kwambatisa ko ondila, ƴan Najeriya kuma su ce inbata. Tana karɓar kontini daga batir ta mayar da ita altarnatif mai bolt 220. Iri biyu ne a kasuwa. Mai araha tana ba da wuta mai tsalle-tsalle, wadda ba ta hawa da sauka a hankali kamar ta layi. Tana kunna ampul da sharja, amma fanka tana ƙara a kanta, injin firigo yana zafi, kuma kwanansa yana raguwa. Mai tsada tana ba da wuta mai santsi irin ta NIGELEC, ana kiran ta pur sinus, kuma ita ce ta dace da duk abin da ke da inji a cikinsa. Kowace iri ce, tana cinye wani kaso na wutar, galibi kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari, kuma tana shan batir ko ba a kunna komai ba muddin ita tana kunne.

Ta uku ita ce regilata, wadda ke zama tsakanin pano da batir. Kontini ke shiga, kontini ke fita, aikinta shi ne hana batir cika fiye da kima ko zubewa ƙasa sosai. Panon da ake kira na bolt 12 yana iya ba da bolt 18 zuwa sama da 20 a tsakar rana. Haɗa shi kai tsaye da batir, kamar yadda wasu ke yi don rage kuɗi, yana tafasa ruwan batir ɗin ya kashe shi da wuri.

Lissafin mai gida

A ɗauki batir na bolt 12 mai lamba 100 Ah. A takarda yana ɗauke da abin da zai ba da wat 1,200 na awa ɗaya. Batir mai darma da ruwa ba ya son a zubar da shi fiye da rabi, saboda haka 600 ne abin amfani. Fankar piriz mai wat 60, idan ta bi ta kwambatisa, tana jan wajen wat 70 daga batir, wato awa takwas da ɗan kai. Fankar kontini mai wat 20 da aka haɗa kai tsaye za ta yi wajen awa 30 da batir ɗin nan. A daren watan Afrilu ko Mayu, wannan bambancin ne ke sa wani ya kai asuba da iska, wani kuma fankarsa ta tsaya cikin dare. Ga gidan da buƙatarsa ampul ce da fanka da tele da cajin salula, sayen kaya masu bolt 12 ya fi sayen kwambatisa riba.

Kontini mai ƙaramin bolt tana da nata sharaɗin, wato kaurin waya. Kayan wat 120 a kan bolt 220 suna jan rabin amper da ɗan kai. A kan bolt 12 suna jan amper 10. Idan batir yana nesa da mita 10 kuma aka yi amfani da waya mai lamba 2.5, wajen bolt ɗaya da rabi zai salwanta a hanya, fiye da kashi ɗaya cikin goma na wutar. Siririyar wayar da ta ishi ampul ɗin layi tana iya narkewa a kan batir. Don haka wayar batir ta zama mai kauri kuma gajera, kuma idan kayan sun yi yawa a koma tsarin bolt 24 ko 48.

Firigo da firiza suna jan ninkin wutarsu sau da yawa a daƙiƙar da injin ke tashi. Kwambatisar da ƙarfinta ya yi daidai da lambar da ke jikin firigo ba za ta tashe shi ba, sai wadda ta fi shi da nisa.

Masu lambun albasa da kayan miya a kwarin Tadis, da Tamaske, da Keita, da bakin tabkin Tabalak suna da zaɓi biyu. Akwai famfo na kontini da ke aiki kai tsaye da pano ta hanyar akwatinsa, ba batir, yana jan ruwa muddin akwai rana. Akwai kuma famfo na altarnatif, galibi tirifaze a manyan rijiyoyin burtsatse, wanda sai an sa masa akwatin da ke juya wutar pano. Akwatin wani ba ya aiki da famfon wani. A tuna kuma cewa zafi da ƙura suna rage abin da pano ke bayarwa. Ana auna ƙarfinsa ne a digiri 25, kuma kowane digiri sama da haka yana rage kusan rabin kashi ɗaya cikin ɗari. Ya kamata a bar iska tana wucewa ƙarƙashinsa, a riƙa share shi da sassafe, musamman lokacin hazo.

Wace ce ta fi haɗari

Dukansu suna kisa, ta hanyoyi daban. Altarnatif mai bolt 220 tana ƙanƙame tsokar hannu har mutum ya kasa sakin waya, tana kuma rikita bugun zuciya. Abin da bai kai kashi ɗaya cikin goma na amper ba ya isa ya yi kisa. Shi ya sa ake son kowane gida ya sami disjonta mai lamba 30 mA, wadda ke yanke wuta nan take idan ta bi ta jikin mutum, tare da wayar da aka binne a ƙasa. Idan wuta ta kama wani, a fara kashe ta daga kontar, ko a ture shi da busasshen icce. Kada a taɓa shi da hannu.

Batir na bolt 12 ba ya jan busasshen hannu, wannan ne ke sa a raina shi. Amma idan sifana ko zobe ya haɗa kawunansa biyu, ɗaruruwan amper ke wucewa lokaci ɗaya, ƙarfen ya yi ja, gobara ta tashi. Batir mai ruwa yana fitar da iskar da ke kama wuta lokacin caji, saboda haka ba a ajiye shi a rufaffen ɗakin kwana ko kusa da murhu. Kowane batir yana buƙatar fis kusa da kansa mai alamar tarawa.

Pano da yawa da aka jera ɗaya bayan ɗaya, kamar na rijiyoyi da asibitoci, suna kai ɗaruruwan bolt, kuma ba a iya kashe su muddin rana na kansu. Tartsatsin kontini yana da wuyar mutuwa, domin ba ta sauka zuwa sifiri kamar altarnatif. Makunni ko disjontar da aka yi don layi na iya ci da wuta idan aka sa ta a wayar pano. Sai a nemi wadda aka rubuta wa DC.

Haɗari mafi muni shi ne soka gurup ko kwambatisa cikin piriz ɗin gida idan an ɗauke wuta, ba tare da raba gidan da layi ba. Wutar tana fita ta kontar ta hau layi, taransifon unguwa ya ɗaga ta zuwa dubban bolt, alhali ma'aikacin da ke kan turke yana ganin layin a kashe yake. Idan wutar gari ta dawo kuma, gurup ɗin ne zai ƙone. Maganin abin shi ne makunni mai hanya biyu da ake kira ambasa, wanda ke ba gida ko wutar layi ko ta gurup, ba ya barin su haɗu. Ƙwararre ne ya kamata ya sa shi.

Abin dubawa kafin a soka

Kowace na'ura tana da rubutu a bayanta ko a jikin sharjarta. DC ko CC, ko miƙaƙƙen layi mai ɗige-ɗige a ƙarƙashinsa, na nufin kontini. AC ko CA, ko alama mai lanƙwasa kamar haka (~), na nufin altarnatif. Bayan nau'in wutar sai a duba bolt. Tele mai bolt 12 da aka ba 220 ta ƙone nan take. Wadda aka juya wa kai, aka sa jar waya a gurbin baƙa, ita ma tana iya mutuwa.

Kayan da ƴan ci-rani ke kawowa daga Abijan, Legas, Libiya ko Aljeriya sun dace da wutarmu, domin can ma bolt 220 zuwa 230 ne da 50 Hz. Na Amurka bolt 120 ne da 60 Hz, sai da taransifon saukarwa. Saudiyya ma 60 Hz take amfani da shi, don haka alhazai su duba duk abin da ke da inji kafin su saya, domin wanda aka yi don 60 kaɗai yana juyawa a hankali a nan kuma yana zafi. Sharjar da aka rubuta wa 100–240 V da 50/60 Hz tana aiki ko'ina. Idan rubutun ya goge ko ba a gane shi ba, a kai wa mai gyara ya auna kafin a haɗa.